Dabinon da Na Cire Daga Kayanki

Tanut, ranar Alhamis bayan la'asar

Zuwa ga 'yata,

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta tarar da ke kin sauka Yamai lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Ki gaida mai gidanki. Babanki yana gaishe ki, da ƙanenki Laminu, da Gwaggonki Habsu, wadda tun ranar da kika tafi ba ta amsa mini ko ina kwana ba.

Kin san dalilin fushinta. Mota na tsaye ƙofar gida na kwance ƙunshin da ta ɗaura miki, na fitar da dabinon ƙasar Ayar da dunƙulen sukari da nakiya da alkaki, na zuba cuku da kilishi da kuka da gyaɗa a madadinsu. Kika ce mini, yadda kika saba kirana, "Yaya, har dabinon?" Na ce wanda za shi aiki ba ya bukatar kayan kwaɗayi. Gwaggonki ta ce, "Wannan mata, ko kura ta san ɗanta!" Ke kuwa kika hau mota ba ki waiwayo ba. Ban ga laifinki ba. Amma amsar da na ba ki ba ita ce gaskiya ba, kuma ni ce na hore ki da bulala a kan ƙarya, saboda haka ba zan bar tawa ta kwana a zuciyarki ba.

Ke ce 'yar farina. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama na yi hira da ke ba. In ina son ki, sai in ce "ke", in ana zancenki sai in ce "yarinyar nan". Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata, kuma ban ce al'adar banza ce ba. Kunya ado ce. Sai dai akwai ranar da ado yake zama igiya a wuya, na kuwa ga wannan rana sau biyu da idona. Abin da baki ya kasa, yau alƙalami zai yi. Ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallake.

Ranar da kike gaya wa babanki aikin da aka ɗauke ki, ina bayan zana ina tankaɗe, na ji duka. Kin ce likitocin da za ki yi aiki da su suna bincike a kan wani ciwon sukari da yake kama mace in tana da ciki, ya sake ta in ta haihu. Kin ce za a riƙa auna fitsarin mata da jininsu, a bi su har haihuwa, a ɗora jariri a sikeli, ke kuma da kika gama karatun ungozomanci ke za ki riƙa tambayar matan da Hausa kina rubutawa. Babanki ya ce ma sha Allah. Ni rariya ce ta faɗi daga hannuna. Kin ɗauka santsi ne. Ba santsi ba ne.

Ga kuskurena na farko.

Kina 'yar shekara huɗu aka kawo babanki Tanut aikin duba dabbobi. Na zo garin nan kaina a sama. Mu mata kaɗan ne a Damagaram da muka wuce jarrabawar sartifika muka yi gaba da lakkwal, wato makarantar boko, ina karanta Faransanci, ina rubuta shi, ina ganin duk matan ƙasar nan ta Damargu ba wadda za ta koya mini kome. Na sami ciki na biyu. Mijina mai albashi ne, gidanmu ba a rasa sukari. Na koyi shayi wurin matan Buzaye, kofi uku safe, kofi uku yamma, kowanne kamar zuma. Dabino kuwa a bakin zanena yake. Fura sai na zuba mata sukari. Daka da ɗibar ruwa na bar wa wasu, wai matar ma'aikaci ba ta riƙe taɓarya. Ina ƙiba, mata na cewa cikin nan ya karɓe ni, ni kuma ina jin daɗi.

Wata na shida ƙishi ya kama ni. In sha moɗa biyu, kafin in zauna maƙogwaro ya bushe. Bayan gida kuwa kamar an aike ni. Akwai wata tsohuwar ungozoma 'yar garin Falanko, Inna Tsahara, ita take karɓar haihuwa a unguwarmu. Wata safiya ta shigo gaisuwa, ta zaga makewayi, ta fito ta kama hannuna.

"'Yar lakkwal, zo ki karanta mini wata takarda."

Ta kai ni inda nake tsugunnawa. Tururuwa ce baƙi ƙirin a wurin, ta yi layi tun daga gindin katanga.

"Mutum nawa ke zagawa nan?"

Na ce mu huɗu ne.

"To me ya sa naki wurin kaɗai suka kafa kasuwa? Zaƙi ya yi miki yawa, 'yar nan. Ki ajiye shayin nan, ki ɗauki taɓarya, in kawo miki sassaƙe mai ɗaci."

Na zare hannuna. Na ce mata a littafin da na karanta babu wani abu wai shi zaƙi a cikin mace, wannan zancen mutanen da ne. Ta dube ni ta yi dariya, ba ta da haƙori ko ɗaya a sama.

"Tururuwa ba ta je lakkwal ba," in ji ta, "amma ban taɓa ganin ta yi layi a kan gishiri ba."

Na sa aka share wurin, aka zuba toka. Wannan shi ne maganin da na yi wa kaina.

Kwana biyu na yi ina naƙuda. Namiji ne, ƙato, kamar ɗan wata uku. Kai ya fito, kafaɗa ta ƙi. Inna Tsahara ta yi iyakar ƙoƙarinta, ko kalma ɗaya ba ta tuna mini da ita ba. Bai yi kuka ba. Bayan kwana kaɗan ƙishin ya tafi kamar ba a yi ba, sai na ce wa kaina ai kin gani, da ciwo ne da bai tafi ba.

Saboda haka ki ji ni. Za ki zauna gaban matan da ba su san harafi ba, za su gaya miki zaƙi, su gaya miki iska, su gaya miki sammu. Ban ce ki yarda da duk fassararsu ba. Ni kaina har yau ban sani ba ko zaƙin da Inna Tsahara take nufi shi ne ciwon da likitocinku suke nema, ko wani abu ne daban da ya yi kama da shi. Sassaƙenta ma ban ce ki ba kowa ba. Amma ki raba abin da mace ta gani da abin da ta ce ya jawo shi. Tsohuwar nan ta ga tururuwa, ni na ga tsohuwa. Wadda ta fi mu ilimi a ranar ba ni ba ce. In na ji labari kin yi wa wata tsohuwa tsaki don kina sanye da farar riga, ki sani ba tarbiyyata kika bi ba, wautata kika gada.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don na farko jahilci ne, wannan kuwa da sanina na yi shi. Ko babanki bai san shi ba.

Bayan shekara biyu na sake samun ciki, ƙishin ya dawo, tururuwar ta dawo. Ina wata bakwai wani lokotoro, wato likita, Bature ya zo rangadi daga Damagaram, ya sauka a asibitin gari kwana uku. Ya ce yana son ganin mata masu ciki, ya ji ana yawan rasa manyan jarirai. Matan suka ƙi magana gaban majo, ma'aikacin jinyar wurin, don namiji ne ɗan gari. Aka aiko a kira ni in yi tafinta. Na ci ado na tafi, ina ji da kaina.

Yana tambaya, yana rubutawa a wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango. Aka zo kan wata mata daga wajen Belbeji, ta yini bisa jaki kafin ta iso. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaya masa uku na binne, duk manya. Gaya masa in ina da ciki randa ba ta isata, kuma tururuwa na bin bawalina." Ya dube ni yana jira. Na ji kunya ta rufe ni, na ce a raina Baturen nan zai yi mana dariya, ya ce ga abin da baƙar fata suke kira ciwo. Sai na ce masa ta ce ta rasa uku, tana yawan jin zafin gari. Ya rubuta. Ina kallon alƙalaminsa yana rubuta ƙaryata da kyakkyawan hannu.

Da aka gama ya dubi cikina ya ce, "Madam, ke ma," ya miƙo mini 'yar kwalba ya ce in kawo fitsarin safe. Yana da wani ruwa shuɗi da yake haɗawa da shi ya ɗora kan wuta, in da sukari sai ya juye ya koma ja kamar jar ƙasa. Kwalaben da ruwan kaɗan ne, ba su ishi kowa ba, sai wadda ya zarga yake ba. Matar Belbeji ba ta samu ba, don amsar da na ba shi ba ta nuna masa kome ba.

Na koma gida da kwalbar a ƙugu. Na ce yaya namiji baƙo zai ɗaga fitsarina ya duba a rana? Haka na gaya wa Gwaggonki Habsu, lokacin tana zaune wurinmu, ba ta da ciki. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kawo nan, ni ba ni da kunyar Nasara. In ya ga aljani a ciki ki ce naki ne." Ta cika ta ba ni. Ita wasa ta ɗauke shi, har yau ba ta san abin da ta taya ni yi ba, kada ki riƙe ta da shi. Amma ba kunya kaɗai ta hana ni ba. Tsoro nake ruwan nan ya yi ja a gaban matan gari, a ce ashe tsohuwar Falanko ta fi 'yar lakkwal. Ruwan ya tsaya shuɗi. Lokotoro ya ce, "Madalla, madam, ke lafiya lau." Na yi masa godiya.

Da haihuwa ta zo, mace ce, ita ma ƙatuwa. Ta fito da rai, da ƙyar. Ta yi kwana biyu tana rawar jiki, ba ta kama nono sosai ba. Ba ta kai suna ba. Kina 'yar shekara shida, kika tambayi Gwaggonki ina jaririyar, ta ce miki ta koma. Rai da ajali na Allah ne, ban ce da na ba da kwalbata da ta rayu ba. Amma Allah Ya aiko mini mai tambaya har garinmu, ni na rufe masa ƙofa. Matar Belbeji kuwa ban sake jin labarinta ba, kuma babu Ramadan da zai wuce ban roƙi gafarar Allah a kan abin da na yi mata ba.

To ga shi ke ma an ba ki kaye da alƙalami. Abin da mace ta faɗa, shi za ki rubuta, ko ya yi miki daɗin ji ko bai yi ba. Kada ki wanke maganar mutanenki don ta yi kyau a kunnen manya. Wanda ya zo neman sani ba ya bukatar ki kare mana mutunci da ƙarya, mutuncinmu shi ne 'ya'yanmu su rayu. Duk layin da kika gyara, wata mata ce kika mayar bisa jakinta hannu wofi. In ba ki auna ba, ki rubuta ba ki auna ba. In kin manta, ki ce kin manta, a yi miki faɗa, faɗa ba ya kisa.

Kuma kada ki yarda da kwalba don kawai an miƙo miki ita cike. Likitocinku ba za su san wannan ba, ke ya kamata ki sani. Mace za ta kawo na ƙanwarta, ko na maƙwabciya, ba don mugunta ba. Kada ki miƙa mata kwalba a gaban layi, kada ki kira sunanta da ƙarfi. Ja ta gefe, ki gaishe ta, ki tambayi mutanen gida, ki gaya mata ke za ki duba da hannunki. Mai cikin fari kuwa ba za ta ce miki tana da ciki ba ko ya kai mata haɓa. Ki tambaye ta randa nawa take sha, wannan za ta amsa.

Kada ki ɗauka labarina duk hawaye ne. Ga Laminu nan, jiya ma ya cinye tuwon mutum biyu. Cikinsa ya same ni a Tenhya, shekarar da aka tura babanki wajen makiyaya. Can babu kanti, sukari sai wanda ya je Tanut. Babu mai yi mini daka, ni ke zuwa rijiya, abincinmu tuwon gero da nono da ɗan nama in an samu. Na yi ta ƙorafi, ina cewa an kawo ni daji a kashe ni. Ƙishin ya zo amma bai kai na da ba. Kuma a wannan karo na ajiye girman kai, na aika aka ɗauko Inna Tsahara tun ina wata takwas. Da ta sauka daga raƙumi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, 'yar lakkwal ta rame! Yanzu kika fara karatu." Kowace safiya sai ta zaga ta duba wurina kafin ta gaishe ni. Laminu ya fito madaidaici, yana tsala ihu, ta ɗaga shi ta ce, "Wannan ɗan taɓarya ne, ba ɗan shayi ba."

Shin rashin sukarin ne, ko dakan, ko kuwa Allah ne kawai Ya nufa? Ban sani ba. Shekara goma sha biyar ke nan ina juya tambayar a raina, ba ni da wanda zan yi wa ita. Inna Tsahara ta rasu da nata sanin, ba wanda ya rubuta. Yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, 'ya'yanmu ke riƙe da sikeli da kaye, kuma cikin masu neman amsar har da wadda na haifa. Kin ga abin da ya sa rariya ta faɗi. Ban taɓa ce miki na ji daɗin karatunki ba. Na ji.

Saura magana ta ƙarshe, ita ce ta sa na cire dabinon.

Kwana goma sha biyu kika yi a gidan nan kina yawo da babban mayafi cikin zafin nan. Kin ɓoye wa babanki, kin ɓoye wa Gwaggonki, kin kyauta, haka 'yar mutunci take yi da cikin fari. Amma ni na haife ki. A lissafina kin shiga wata na shida. Na ga sau nawa kike zuwa randa. Ranar Litinin bayan kin fito daga makewayi na shiga, na tsaya a wurin da Inna Tsahara ta tsayar da ni. Tururuwar ba ta kai tawa yawa ba, amma tana nan, ta yi layinta. Ban zuba toka ba.

Ke da za ki auna matan Yamai, ki fara da kanki. Ranar da takardar nan ta same ki, kada ki jira wata ranar, ki ɗauki kwalba ki kai taki, ki ce a duba jininki ma yadda kika gaya wa babanki ana yi. Na san abin da zuciyarki za ta ce, don tawa ta faɗa kafin taki: sabuwar ma'aikaciya ce ni, yaya zan zama abin aunawa a gaban abokan aikina? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ruwan ya tsaya shuɗi, alhamdu lillahi, kin yi asarar dabino kawai, Gwaggonki ta ci gaba da zagina. In ya juye, kin sani da sauran wata uku a gabanki, kina tsakiyar mutanen da aikinsu ke nan. Abin da suka ce ki ci, ki ci. Abin da suka hana, ki bari ko ranki na so. Ki gaya wa mai gidanki, ba don ya ji daɗi ba, don ya daina sayo miki kayan zaƙi yana ganin gata yake yi miki.

Sannan kada ki zo goyon ciki. Na san al'ada ta ce haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta, kuma tun bara na sa aka yi wa ɗakin baya sabon daɓe, ban gaya wa kowa dalili ba. Na so in ji kukan a gidan nan. Amma daga nan zuwa inda za a iya fiɗa in abu ya ƙi, tafiya ce mai nisa, na kuwa san abin da kafaɗar jariri take yi. Ki haihu a inda kike. Matan unguwa za su ce 'yar lakkwal ta haifi 'yar lakkwal, sun yar da al'ada. Su ce. Na taɓa sayen bakin mutane da abin da ya fi shi tsada.

Ni zan zo. Na gaya wa babanki jiya, ya dube ni kamar na ce zan tafi Makka a ƙasa, ya ce, "Ke da ko sunanta ba ki faɗa?" Na ce ruwan wanka ba ya tambayar suna. Da kaka in Allah Ya kai mu zan hau mota, ni zan dafa miki ruwan jego, ni zan dama kunun kanwa, kuma ba zan sa masa abin da likitocinku suka hana ba.

In na zo ki tanadar mini kwalba ɗaya da shafi ɗaya a kayenki. Bana ƙishin nan ya fara dawo mini, ga shi ba ciki gare ni ba. Ki zaunar da ni kamar kowace mace, ki yi mini tambayoyinki, zan ba ki ciki huɗu ɗaya bayan ɗaya, da na matar Belbeji yadda ta faɗe shi. Kwalbar kuma tawa ce za ta zama.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe. Ya raba ku lafiya, Ya sa in ji kukansa da kunnena. Ya sa aikin hannunki ya zama sanadin rayuwar 'ya'yan da ba ki san iyayensu ba. Ya jiƙan Inna Tsahara da biyun da suka riga mu. Ki riƙe salla, ki riƙe gaskiya, ki amsa mini da motar mako mai zuwa, kuma layin farko na amsar ya zama launin ruwan.

Allah Ya yi miki albarka, Fassuma.

Ni ce mahaifiyarki.